Kaskon Da Ya Kori Sarauniya: Rayuwar Maria Ta Modena Daga Fadar Landan Zuwa Gudun Hijira

Daren 9 ga Disamba 1688 dare ne na ruwa da iska a birnin Landan. Bayan sawu ya ɗauke, wata mata sanye da tufafin masu wanki ta sulale daga fadar Whitehall, masu reno na biye da ita, ɗaya rungume da jariri ɗan wata shida. Suka shiga ƙaramin kwalekwale suka haye Kogin Thames cikin duhu.

A ƙetare, a unguwar Lambeth, keken dokin da zai kwashe su bai gama shiri ba. Matar ta raɓe a jikin bangon wani coci tana jira, ruwa na dukanta. Babu abin da take tsoro irin yaron ya tsala kuka wani ya ji.

Wannan mata ita ce sarauniyar Ingila, Maria Beatrice, wadda Turawa suka fi sani da Mary ta Modena, matar Sarki James na Biyu. Shekarunta 30 a lokacin. Daga wannan dare ba ta sake taka ƙasar Ingila ba har ta bar duniya.

A yau ko'ina aka shiga kuka ake da labaran ƙarya. Saƙo guda a WhatsApp ko Facebook kan isa ya haɗa maƙwabta faɗa, musamman idan an shafa masa addini. Ana yawan ɗora wa wayar hannu laifin. Amma fiye da shekara 300 da suka wuce, ba waya ba intanet, jita-jita guda ta taimaka wajen tumɓuke sarki, ta kuma jefa wata uwa cikin gudun hijira na kusan shekara 30. An ce ɗan da ta haifa a gaban shaidu ba nata ba ne.

Yarinyar da ta so zaman zuhudu

An haifi Maria a watan Oktoba 1658 a Modena, wata ƙaramar masarauta a arewacin Italiya. Mahaifinta, Alfonso na Huɗu na gidan Este, ya rasu tana 'yar shekara uku da wani abu. Mahaifiyarta Laura Martinozzi, wadda Kadinal Mazarin na Faransa kawunta ne, ita ta riƙe masarautar kafin ɗanta ya girma, ita kuma ta tarbiyyantar da 'yarta cikin tsantseni da riƙon addinin Katolika.

Yarinyar ta taso ba ta da burin aure. Abin da take so shi ne ta shiga gidan mata masu zaman zuhudu da ke Modena, ta ƙare rayuwarta cikin ibada.

Manya suna da nasu shirin. A Ingila, James, ƙanen Sarki Charles na Biyu kuma mai jiran gado, ya rasa matarsa ta fari a 1671, ta bar masa 'ya'ya mata biyu, Mary da Anne. Shi ya riga ya koma Katolika, yana kuma neman ɗa namiji. Sarki Louis na 14 na Faransa yana son ganin matar da za ta karkatar da Ingila wajensa. Da aka kawo maganar, Maria ta yi kuka ta ƙi. Sai da Paparoma Clement na 10 ya rubuto mata da kansa, yana nuna mata cewa wannan aure hidima ce ga addini da ta fi zuhudu, sannan ta sunkuyar da kai.

An ɗaura auren a Modena ranar 30 ga Satumba 1673, wakilin ango ya tsaya a madadinsa. Amarya ba ta cika shekara 15 ba. Ango ya girme ta da shekara 25.

'Yar Paparoma

Tun kafin ta iso, majalisar dokokin Ingila ta nemi a warware auren. A titunan Landan ana yi mata laƙabi da 'yar Paparoma, ana ƙona mutum-mutumin Paparoman a dandali. A shekarar ne ma aka kafa dokar da ta hana 'yan Katolika riƙe muƙamin gwamnati, wadda ta sa James ya ajiye shugabancin sojan ruwa.

Don a fahimci wannan ƙiyayya sai an waiwaya baya. Mutanen Ingila ba su manta da 'yan Furotesta kusan 300 da aka ƙona da rai a zamanin Sarauniya Mary ta Farko ba. Ba su manta da yunƙurin tarwatsa majalisa da albarushi a 1605 ba. A idonsu, Katolika da mulkin kama-karya irin na Faransa Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Alhali 'yan Katolikan Ingila da ƙyar su kai biyu cikin ɗari na jama'a.

Maria ta sauka a Dover a watan Nuwamba, ba ta jin harshen ƙasar, ba ta san kowa ba. An ruwaito cewa a farkon zamansu da ta ga mijin sai hawaye. A hankali ta saba, har ta ƙaunace shi ƙauna mai tsanani, duk da cin amanar da ya riƙa yi mata da matan waje. Ta koyi Ingilishi. Ta yi zaman lafiya da babbar 'yar mijinta Mary, wadda tazararsu ba ta wuce shekara huɗu ba.

Ƙananan kaburbura

Wanda zai yi wa wannan mata adalci dole ya tsaya a nan. A cikin shekara goma na farkon aurenta ta ɗauki ciki kusan sau goma. Wasu sun zube. Waɗanda aka haifa da rai kuwa babu wanda ya yi tsawon kwana. Catherine Laura ta rasu tana da 'yan watanni. Charles, ɗa namijin da aka daɗe ana jira, agana ta ɗauke shi a 1677 yana da kusan wata guda.

Ana cikin haka guguwa ta taso. A 1678 wani mutum mai suna Titus Oates ya ƙirƙiri labarin cewa 'yan Katolika na shirin kashe Sarki Charles su ɗora James. Ƙarya ce tsagwaronta, amma ta ci rayukan fiye da mutum 20. Cikinsu har da Edward Colman, magatakardan Maria, wanda aka samu wasiƙunsa zuwa fadar Faransa, aka rataye shi.

Sarki Charles ya ga wutar na neman cin gidansa, sai ya tura ƙanensa da matarsa waje, da fari Brussels, daga baya Edinburgh a Sikotilan. Wannan ne gudun hijirarta na farko. 'Yarta Isabella, wadda a lokacin ita kaɗai ta kai shekara huɗu, ta rasu a Landan a 1681, uwar tana can nesa ba ta ga gawarta ba.

Waɗannan mace-mace, masu adawa da James sun ɗauke su a matsayin kwanciyar hankali. Lissafinsu shi ne: tunda matar ba ta da ɗa mai rai, ko James ya hau gado, bayansa sarauta za ta koma hannun 'yarsa Mary, 'yar Furotesta, matar William na Orange mai mulkin Holan. Baƙin cikin uwa ya zama ginshiƙin zaman lafiyar ƙasa, kuma ta san da haka.

Kambi da rigima

Charles ya rasu a watan Fabrairu 1685, aka naɗa James da Maria a cocin Westminster ranar 23 ga Afrilu. Kambin matan sarakuna na da an lalata shi zamanin da aka rushe sarauta, don haka aka ƙera mata sabo. Har yau yana nan a Hasumiyar Landan.

James bai iya tafiyar hawainiya ba. Ya saka 'yan Katolika a manyan muƙaman soja, ya shigar da limamin Katolika Edward Petre majalisar mashawartansa, ya tsoma hannu a harkar Jami'ar Oxford, ya kuma dakatar da dokokin da suka takura wa masu saɓanin aƙida ba tare da yardar majalisa ba. Magoya bayansa sun ce 'yancin addini yake nema wa kowa. Masu adawa suka ce hanya yake sharewa ya murƙushe Cocin Ingila.

Abin da ke faruwa a Faransa ya ƙara rura wutar. A 1685 Louis na 14 ya soke dokar da ta ba 'yan Furotestan ƙasarsa kariya, dubbansu suka kwarara Ingila da labaran azabar da suka sha. Duk wanda ya saurare su ya dubi fadar James da matarsa da wani ido.

Haihuwa a gaban shaidu

A ƙarshen 1687, bayan ta je wankan ruwan ɗumi na garin Bath, aka sanar cewa sarauniya na da ciki. Wasu 'yan Katolika suka shiga bugun ƙirji cewa namiji ne tabbas, mu'ujiza ce. Wannan baki ya yi mata illa ƙwarai, domin abokan gaba sun ce wanda ya san jinsin ɗa tun yana ciki, to shi ya shirya shi.

Gimbiya Anne, 'yar mijinta, ta riƙa rubuta wa yayarta a Holan cewa tana shakkar cikin. Da haihuwa ta matso kuma sai ta tafi Bath, ba ta tsaya ta gani da idonta ba.

Ranar 10 ga Yuni 1688 naƙuda ta kama Maria a fadar St James, kusan wata guda kafin lokacin da aka yi tsammani. Bisa al'adar fada, ɗakin ya cika da mutane: ungozoma, likitoci, matan fada, manyan mashawartan sarki, da Catherine ta Braganza, matar marigayi Sarki Charles. A gaban wannan taro, maza da mata, ta haifi ɗa namiji, James Francis Edward.

Kafin a yi kwanaki labari ya zaga gari. A ƙasar sanyi irin Ingila akwai wani kasko na tagulla mai murfi da dogon mariƙi, da ake zuba wa garwashi a goga a shimfiɗa don ta yi ɗumi, aikinsa ɗaya da kaskon wutar da ake ajiye wa mai jego lokacin hunturu. Aka ce a cikin irin wannan kasko aka ɓoyo jaririn wata aka tura gadon sarauniya. Wasu suka ce ba ta taɓa yin ciki ba. Wasu suka ce ta haihu amma ɗan ya mutu aka musanya shi. Labaran suna karo da juna, amma hakan bai dami masu yaɗa su ba. Aka buga ƙasidu, aka yi zane-zanen ba'a, har da taswirar hanyar da wai aka bi da kaskon.

Me ya sa ƙaryar ta karɓu?

Na farko, James ya yi sakaci. Yawancin shaidun ko dai 'yan Katolika ne ko waɗanda ke cin abinci a hannunsa. Babban limamin Canterbury, wanda kalmarsa za ta kashe maganar, yana tsare a Hasumiyar Landan tare da wasu manyan limamai shida, bisa umarnin sarkin, saboda sun ƙi karanta sanarwarsa ta dakatar da dokokin da suka takura wa masu saɓanin aƙida a coci.

Amma babban dalilin shi ne ƙaryar tana da amfani. Jama'a da yawa sun yi imani cewa saɓa wa sarki da magajinsa na halal saɓo ne. Idan kuwa yaron na bogi ne, to za a iya kawar da shi ba tare da lamiri ya dami kowa ba.

Ranar 30 ga Yuni, ranar da kotu ta wanke limaman nan bakwai, wasu manya bakwai suka aika wa William na Orange takardar gayyata. A sanarwar da ya fitar kafin ya taso, William ya ambaci shakku kan haihuwar, ya yi alkawarin majalisa za ta bincika.

A watan Oktoba James ya tara majalisa ta musamman, shaidu kusan 40 suka yi bayanin abin da suka gani a ɗakin haihuwa, aka buga aka rarraba. Sirrin jikin mace ya zama abin karantawa a kasuwa, duk da haka bai sauya komai ba. William ya sauka da rundunarsa a Torbay ranar 5 ga Nuwamba, hafsoshin James suka riƙa zamewa suna komawa wajensa, Anne ma ta gudu ta bar mahaifinta. Wani Bafaranshe, Lauzun, shi ya fitar da sarauniya da jaririn zuwa Gravesend, daga nan jirgin ruwa ya kai su Calais. James ya biyo baya a ƙarshen Disamba.

Binciken da William ya yi alkawari ba a taɓa yin sa ba. Da buƙata ta biya, babu wanda ya sake son a tono maganar.

Fadar aro

Louis na 14 ya karɓe ta da girmamawa. Ya fito da kansa ya tarye ta a hanya, ya ba su fadar Saint-Germain-en-Laye da ke kusa da Paris, inda shi kansa ya zauna kafin ya koma Versailles, ya yanka musu kusan liba 50,000 duk wata. Fadar Faransa, wadda ba ta cika yabon baƙo ba, ta yaba hankalinta da kamun kanta. Madam de Sévigné ta ambace ta da alheri a wasiƙunta. Mijin kuwa bai burge su ba.

Duk yunƙurin komawa gida ya ci tura. An ci James da yaƙi a bakin Kogin Boyne a Ayalan a 1690. Jiragen yaƙin Faransa da za su mayar da shi an ƙone su a La Hogue a 1692.

A shekarar ne Maria ta haifi 'ya mace, Louisa Maria. Kafin haihuwar James ya aika wa manyan matan Ingila, 'yan Furotesta, gayyata su zo su shaida, tare da tabbacin babu abin da zai same su. Ba su zo ba. Haihuwar kanta ta rushe da'awar cewa sarauniya ba ta iya haihuwa, sai dai a lokacin gado ya riga ya tafi.

Uwar 'yan gudun hijira

Bayan faɗuwar Limerick a 1691 sojojin Ayalan fiye da 10,000 suka ƙetaro Faransa, da yawa da iyalansu. Ga kuma mutanen Ingila da Sikotilan da aka ƙwace wa dukiya saboda biyayya ga James. Garin Saint-Germain ya cika da zawarawa da marayu da tsofaffin hafsoshi da ba su da na sawa a baki. Ƙofar Maria suke bugawa.

Ta riƙa sayar da lu'ulu'unta ɗaya bayan ɗaya tana rabawa. A sulhun Ryswick na 1697, inda Louis ya amince da William a matsayin sarki, an yi maganar a riƙa biyanta fam 50,000 a shekara, haƙƙin da aurenta ya tanadar mata. William bai biya ba.

James ya rasu a watan Satumba 1701. Louis ya ayyana ɗan a matsayin James na Uku, Maria ta riƙe masa al'amura har ya kawo ƙarfi. A Ingila kuwa sunan da aka laƙa masa shi ne mai da'awar ƙarya.

Shekarar 1712 ta fi kowace zafi. Agana ta kama 'ya'yanta biyu. Namijin ya tashi, Louisa ta rasu a watan Afrilu, ba ta cika shekara 20 ba. Bayan haka sulhun Utrecht ya tilasta wa Faransa ta fitar da ɗan daga ƙasarta. An nuna masa cewa idan ya bar Katolika ƙofar sarauta na iya buɗewa bayan Anne, wadda ke kan gadon Ingila a lokacin, ya ƙi. Da Anne ta rasu a 1714 aka tsallake dangi na kusa masu yawa aka ɗauko George daga Hanover a Jamus. Tawayen da aka yi domin ɗan Maria a Sikotilan a 1715 ya watse, Louis ma ya rasu a shekarar, sabuwar gwamnatin Faransa ta ƙulla abota da Landan.

Ƙarshen rayuwarta ta fi yin sa a gidan zuhudu na Chaillot, wanda surukarta Henrietta Maria, ita ma sarauniya 'yar Katolika da ta sha gudun hijira, ta kafa a 1651. Ƙungiyar zuhudun da ta so shiga tana yarinya a Modena ce ke riƙe da shi. Ciwon dajin mama da ta daɗe tana fama da shi ya ci ƙarfinta, ta rasu a Saint-Germain ranar 7 ga Mayu 1718, tana da shekara 59, ɗanta yana Italiya. An binne ta a Chaillot. Juyin juya halin Faransa ya shafe gidan da kabarin.

Kowa da yadda ya gan ta

Waɗanda suka zauna da ita a Faransa, irin su Saint-Simon, sun bayyana ta a matsayin mai ibada da haƙuri da kyauta. A ƙarni na 19 marubuciya Agnes Strickland ta yi amfani da takardun Chaillot ta fito da ita a matsayin matar da aka zalunta.

Ɓangaren da ya yi nasara yana da nasa bayanin. Bishop Gilbert Burnet, na hannun daman William, ya ci gaba da yaɗa shakku kan haihuwar a rubuce-rubucensa. Masanin tarihi Macaulay ya yarda ɗan nata ne, amma ya zarge ta da girman kai bayan ta hau gado, da kuma cin riba daga fursunonin tawayen Monmouth na 1685 da aka sayar zuwa ƙasashen ƙetare. Wannan zargi mai nauyi ne, kuma tausayin abin da ya same ta daga baya bai isa ya goge shi ba.

Tsoron da mutanen Ingila suka ji ma ba na banza ba ne. James ya taka dokoki, kuma juyin 1688 ya haifar da tsarin da ya sa majalisa ta fi ƙarfin sarki. Sai dai ana iya yarda da wannan duka a kuma faɗi gaskiya: masana tarihi a yau sun haɗu a kan cewa Maria ce ta haifi yaron. An sheganta ɗan halal, an tozarta uwarsa a idon duniya, kuma waɗanda suka ci moriyar abin ba su taɓa janye shi ba. A ganina wannan tabo ne da bai kamata a rufe shi da kyakkyawan sakamakon juyin ba.

Dokokin da suka biyo baya

Jikanta Charles Edward ya sake gwada sa'a a 1745, aka murƙushe shi a Culloden a shekara mai zuwa. Ƙanensa Henry ya zama kadinal, ya rasu a 1807, zuriyar ta halal ta ƙare a kansa.

Al'adar sa ministan cikin gida ya halarci haihuwar 'ya'yan gidan sarauta, wadda mutane da yawa ke dangantawa da rigimar kaskon, ta ci gaba har sai da aka soke ta a 1948, gab da haihuwar Sarki Charles na yanzu.

Dokokin 1689 da 1701 sun haramta gadon Ingila ga ɗan Katolika da ma wanda ya auri 'yar Katolika. Sashen da ya shafi aure ya yi fiye da shekara 300 yana aiki, sai a 2013 majalisa ta soke shi, sokewar ta fara aiki a 2015. Sashen da ya ce mai riƙe da sarautar da kansa ba zai kasance ɗan Katolika ba kuwa yana nan ba a taɓa shi ba.